Sa Hannun da Na Yi a Garin Majema

Abin da na fara ganewa da na sauka a garin nan na arewacin Indiya shi ne, makarantar da aka nuna mini a hoto ba ita ce wadda aka kai ni ba. Ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar ya turo hotunan gine-gine hawa-hawa, da ciyawa kore shar, da ɗakin gwaje-gwaje mai ƙyalli kamar ɗakin tiyata. Mai keken da ya ɗauko ni daga tashar jirgin ƙasa kuwa ya sauke ni gaban wani gini a bayan gari, rabinsa da fenti, rabinsa bulo tsirara da rodi a tsaitsaye. Na nuna masa hoton a waya na ce ba nan ba ne. Ya duba, ya yi dariya, ya nuna mini allon da ke bakin ƙofa. Sunan dai shi ne. Na yi ta kiran lambar ejan har wayata ta mutu, ba a ɗauka ba, kuma har yau ba a ɗauka ba.

Sunana Ummaru, haifaffen Ƙofar Taramniya cikin Sakkwato. A lokacin na shekara tara ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a garinmu, ina haɗa wa ɗalibai sinadarai, ina wanke kwalabe. Da ƙyar da siɗin goshi na samu hutun ƙaro karatu na shekara uku don in yi digirin dakta. Na baro mahaifiyata Inna, da matata Luba, da 'ya'yanmu biyu a gida ɗaya. Da wane ido zan koma bayan kwana uku in ce an yaudare ni? Na ɗauki jakata na shiga. A ranar ofishin makarantar ya karɓi fasfona, wai za su yi mini rajista da hukumar baƙi, kuma a wurinsu ake ajiye na duk ɗaliban waje. Na miƙa ban yi musu ba.

Masauki ya fi komai ba ni wuya a makon farko. Sai an yi magana a waya an ce akwai ɗaki, in na iso mai gida ya leƙo ya ga fuskata, sai ya ce yanzu-yanzu aka kama. Wata mata ko magana ba ta yi ba, ta mayar da ƙofa ta sa sakata. Daga ƙarshe na samu wani ɗaki a saman shagon da ake dafa guntayen fata a yi gam, ɗakin da kowa ya ƙi saboda wari. Garin na majema ne, masana'antun jima ɗaruruwa jere a bakin kogi. Mu ma Sakkwatawa mun san jima, na tashi ina ganin majemanmu suna jiƙa fatar akuya a ruwan bagaruwa, kuma na san warinta. Amma wannan warin daban ne, yana kama maƙogwaro kamar ka tauna ƙusa. Na yi wata guda abinci ba ya zama a cikina. In na fita kan titi sai a bi ni da kallo, wasu su ɗauke ni hoto ba sallama, wasu su toshe hanci, alhali garin nasu ne ke wari.

Malamin da aka ba ni ya duba aikina, Farfesa kawai zan kira shi. Dattijo ne mai sanyin murya, kullum cikin farar riga, kuma a gaskiya ya san aikinsa. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayanin abin da zan yi. Majeman garin ba da bagaruwa suke jima ba, da gishirin wani ƙarfe suke yi da ake kira kuromiyam. Dagwalon da suke zubarwa shuɗi-shuɗi yake fitowa, amma in ya daɗe cikin ƙasa sai ya rikiɗe ya koma ruwan ɗorawa, a nan gubarsa ta fi tsanani. Yana cin fata, yana lalata ƙoda. Tafasawa ba ta kashe shi, tacewa da ƙyalle ba ta cire shi, domin ƙarfe ne a narke. Sai dai akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da suka saba rayuwa cikin wannan guba. Idan suka samu abin maƙalewa sai su taru su yi wa kansu wani yauƙi su zauna a ciki, irin santsin nan da ke kama cikin randa idan an daɗe ba a wanke ta ba. Wannan yauƙin yana riƙe ƙarfen, ƙwayoyin kuma su mayar da shi yadda ba zai sake bin ruwa ba. Aikina shi ne in nemo irin waɗannan ƙwayoyi, in raine su, in sa su tace dagwalo.

Na fito daga ofishinsa ranar da farin ciki na farko tun zuwana. Na kira Inna na ce mata santsin randa aka aiko ni in karanta. Ta yi dariya har da tari, ta ce da na faɗa tun farko da ta bar mini randarta wata guda ba wanki, na huta da shiga jirgi.

Wurin ɗebo yauƙin shi ne babbar kwatar da ke bayan masana'antu, kuma a can na haɗu da Munna. Tsoho ne siriri, mai yasar kwata, wanda wata masana'anta ta ɗauka ya riƙa buɗe mata magudana. Yana shiga dagwalon har ƙugu, ba takalmi, ba safar hannu, daga shi sai gajeren wando. Ƙafafunsa duk gyambuna ne masu zurfi kamar an huda da ƙusa mai zafi. Ranar farko ya tsaya yana kallona ina kankarar bango da cokali ina zubawa a kwalba. Can ya girgiza kai, ya yafuto ni, ya kai ni ƙarƙashin wata gada inda ruwan ke tafiya a hankali. Ya sa hannu ya ciro wani dutse, yauƙi ya lulluɓe shi kauri kamar miyar kuɓewa. Ba ya jin Turanci, ni kuma yarensu bai wuce kalma goma a bakina ba, amma ya gane abin da nake nema tun kafin in gane inda ake samunsa. Na ji mutane na kiran dattawa da “Caca”, wato kawu a yarensu. Na riƙa kiransa haka, ina murmushi a raina don na san abin da caca take nufi a gida. Shi kuma ya laƙaba mini Dakta tun ban rubuta ko shafi ɗaya ba. Na lura ba mai yarda ya taɓa shi, wai a al'adarsu masu gadon irin aikinsa ƙazanta ne. Mai shayin bakin gada yana da wani kofi mai tsaga da yake ajiye masa can gefe. Ba a jima ba na gane ni ma da irin wannan kofin ake ba ni, sai muka riƙa shan shayinmu tare a kan dakali.

Shekarar farko ta tafi a asara. In na raini ƙwayoyin sati uku sai a ɗauke wuta kwana biyu, zafi ya kashe su. In wuta ta zauna sai wata cuta ta shiga kwalaben. Na gwada tsakuwa, na gwada guntayen roba, yauƙin ya ƙi kamawa da kyau. Injin auna ƙarfe guda ɗaya ne a makarantar, kuma 'yan ƙasa ake fara ba wa, ni sai abin da ya rage na lokaci. Ƙaramar salla ta same ni ni kaɗai a ɗaki da dafaffen wake, Luba ta turo mini hoton yara cikin sabon ɗinki a ƙofar gida, na kifa wayar a kan katifa na kasa sake dubawa.

Mafita ta zo daga abin da na sani tun ina yaro. Dangin Inna manoman shinkafa ne a fadama, kuma na sha ganin tulin ɓuntu a bayan injin casa yana ci da wuta a hankali, ya bar baƙin gawayi mara nauyi. Na nemi ɓuntun shinkafa a wani ƙauye, na ƙona shi cikin rufaffiyar gwangwani, na cika dogon bututun gilashi da shi, na zuba ƙwayoyin da muka ɗebo ƙarƙashin gada. Cikin kwana goma gawayin ya yi santsi. Na fara ɗiga ruwan ɗorawa ta sama, ɗigo-ɗigo, ya riƙa fitowa ta ƙasa fari tas. Na kai injin awo, ƙarfen ya ragu har ya kusa ɓacewa. Na maimaita sau da yawa don kada in yaudari kaina, sakamakon bai canja ba. Farfesa ya zo ya tsaya gaban bututun ya daɗe, sannan ya dafa kafaɗata. Karo na farko ke nan da wani mai farar riga ya taɓa ni a ƙasar.

A lokacin hannuwana sun riga sun lalace. Safar hannu takan ƙare a ɗakin gwaji, ni kuma ban iya jira ba. Ƙananan ƙuraje suka fito a gaɓoɓin yatsuna, suka rarake suka zama ramuka irin na ƙafar Munna. Da na kasa riƙe alƙalami na tafi wani asibiti cikin gari. Ina zaune a layi wata baƙar mace cikin kayan nas ta zo wucewa, ta tsaya, ta dubi hannuna, ta dubi hular da ke kaina.

Ta ce, “Malam, wanga hannu mi yas same shi?”

Na ɗaga kai. Shekara ɗaya da rabi ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba, balle Sakkwatanci. Da ƙyar na ce, “Ke ɗiyar ina ta?”

“Gidan Igwai anka haihe ni,” in ji ta.

Sunanta Rifkatu. Iyayenta Kiristoci ne daga kudancin Kaduna, aikin koyarwa ya kawo mahaifinta Sakkwato tun kafin a haife ta, ita kuma ta zo ƙaro karatun jinya. Ita ta wanke mini gyambunan da hannunta, tana yi mini faɗa kamar ƙanwata ta ciki ɗaya. Ranar Lahadi bayan ta taso daga coci ta zo har ɗakina mai wari da kwano a jaka: tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da ta yi wata shida tana tattali. Na ci ina share hawaye da bayan hannu, ita kuma ta juya tana kallon taga kamar ba ta gani ba. Daga ranar take ce mini Yaya Ummaru. Ta karɓi lambar Luba, ta ba mahaifinta, Malam Yohanna, kwatancen gidanmu.

A shekara ta biyu Farfesa ya ce lokaci ya yi da za a fitar da aikin daga kwalba. Ya daidaita da wata babbar masana'antar jima, wadda Munna ke yi wa yasa, aka gina tanki uku na siminti a harabarta, aka cika su da gawayin ɓuntu. Watanni biyu na farko abin ya tafi daidai, domin ni nake tsaye a kan famfo, ina sakin dagwalon kaɗan-kaɗan yadda ƙwayoyin za su iya. Amma masana'antar tana fitar da ruwa ninkin abin da tankunan za su ɗauka sau ba adadi. Na gaya wa manajan, wani mai ƙiba da zobba a yatsu, cewa sai an ƙara tankuna da yawa, kuma sai an rage tsamin ruwan kafin ya shiga. Ya ce ya ji. Wata Litinin na iso na tarar an buɗe famfon gaba ɗaya tun ranar Asabar. Yauƙin ya ƙone, ya saɓule daga gawayin yana yawo a sama kamar tsumma. Aikin wata biyu ya mutu.

Abin mamaki, bayan sati ɗaya ruwan da ke fita daga tanki na uku ya koma fari, ya ma fi na da. Na auna, babu ƙarfe ko kaɗan. Na san ƙwayoyina sun mutu, to me ke tace ruwan? Na yi kwana biyu ina juya abin a raina. A rana ta uku, lokacin da ma'aikata suka tafi cin abincin rana, Munna ya ja hannun rigata. Ya zagaya da ni bayan katanga, ya ɗaga wani faifan siminti da ciyawa ta rufe. A ƙarƙashi wani ƙaton bututu ne sabo, dagwalo na gudu a ciki shuɗi kamar ruwan marina. Sannan ya nuna mini wata siririyar roba da ta taso daga rijiyar burtsatse ta shiga tankina ta ƙasa. Ruwan sha suke zubawa a tankin, dagwalon gaskiya kuwa yana bin bayan gida.

Na tambaye shi da hannu ina bututun ya nufa. Ya nuna ƙirjinsa. Muka bi shi a ƙasa, tafiyar kusan awa ɗaya, har inda ya buɗe cikin wani rafi da ke ban ruwa ga gonakin wani ƙauye. Ƙauyensu Munna ne. Na ga alayyafo da kabeji kore shar, ana yanka ana lodawa a amalanke za a kai kasuwar gari. Na ga mata a bakin famfon tuƙa-tuƙa, ruwan da ke zuba a bokitinsu ruwan ɗorawa ne sak, irin wanda nake sa safa biyu kafin in taɓa. Wata ta wanke fuskar jaririnta da shi a gabana. Munna ya yi ta nuna ni yana gaya musu wani abu, suna kallona da girmamawa. Daga baya na gane cewa ya yi, ga daktan da ke yi wa ruwa magani.

Washegari na je wa Farfesa da labarin, ina tsammanin zai tashi tsaye. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge. Sai ya jawo wata takarda daga aljihun tebur ya tura gabana. Rahoto ne zuwa ga hukumar kula da muhalli, cewa sabuwar hanyar tacewa tana aiki a masana'antar, ga sakamakon awo. Da wannan rahoton za a sabunta musu lasisi. Sunansa na ƙasa ya riga ya sa hannu, saura gurbin wanda ya ɗebi samfur ya auna.

Na ce, “Farfesa, wannan ruwan rijiya ne.”

Ya ce, “Ka auna abin da ya fito daga tanki, ko ba haka ba? Abin da takardar ta ce ke nan. Bututun bayan katanga ba ya cikin karatunka.”

Na ce ba zan iya ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in an rufe masana'antar mutum nawa ne za su rasa abinci, har da tsohon da nake shan shayi da shi. Ya ce in lasisi ya fito shi da kansa zai matsa a gina ƙarin tankuna. Ya ce in je in yi tunani, ba gaggawa. Da na dawo bayan kwana biyu na tarar an canja makullin ɗakin gwaji, littattafan da nake rubuta sakamako duk suna ciki. Na yi sati uku ina zuwa ina zama a kan benci a baranda, ɗalibai na wuce ni. Rifkatu ta ce in kai ƙara. Wurin wa? Izinin zamana a ƙasar ya kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta shi sai da wasiƙar Farfesa.

Ina kan wannan bencin wata Talata da hantsi Luba ta kira. Muryarta kawai na ji na san ba lafiya. Ta ce Inna ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, suna asibiti, Malam Yohanna ne ma ya kawo mota aka ɗauke ta. Ta ce, “Likita ya ce a kira na nesa. Ba ta iya magana sosai, amma sunanka taka kira. Ka taho, Ummaru.”

Na ruga ofis neman fasfo. Magatakardan ya ce ba a sakin fasfon ɗalibi sai da takardar sallama daga malaminsa. Na roƙe shi, na nuna masa hoton Inna a gadon asibiti, ya ce doka ce. Na je wurin Farfesa. Ya yi mini jaje ƙwarai, ya ce shi ma ya rasa uwa yana nesa, ya san zafin. Takardar sallamar tana kan teburinsa, rahoton yana kanta. Bai ce komai game da shi ba, bai ma dube shi ba. Na fita na zagaya harabar makarantar, na yi sallar azahar a bayan gini, na roƙi Allah ya kawo wata hanya. Na kira ofishin jakadancinmu, aka ce takardar tafiya ta gaggawa za ta ɗauki kwanaki, kuma sai na je babban birni da kaina. Laraba ta wuce a haka. Ranar Alhamis da safe na koma ofishin Farfesa, na ɗauki alƙalaminsa na sa hannu. Ba wanda ya riƙe mini wuya. Na rubuta sunana cikakke, da kwanan wata. Kafin azahar fasfona yana aljihuna.

Jirgin ƙasan da zai kai ni babban birni sai la'asar, don haka na je gada in yi sallama da Munna. Mai shayi ya ce masana'antar ta kori Munna, wani ya gan mu ranar da ya ɗaga faifan. Na ɗauki keke zuwa ƙauyen. Na same shi kwance a kan gadon igiya a ƙofar ɗakinsa, ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ma haka. Da ya gan ni ya yunƙura ya zauna, ya kira matarsa. Na ga ta ɗauki tukunya ta nufi famfon nan, ta ɗebo, ta ɗora a wuta, ta zuba madara da ganyen shayi. Ta kawo mini a kofin ƙarfe, mafi kyau a gidan, ta riƙe shi da hannu biyu. Na san abin da ke cikin kofin fiye da duk mutanen ƙauyen. Munna yana kallona yana murmushi. Na karɓa na shanye har ƙasa. Na gaya masa da 'yan kalmomin da na iya cewa uwata ba lafiya, zan tafi gida. Ya ɗora hannunsa a kaina ya yi wata addu'a irin tasu. Ban gaya masa abin da na yi da safe ba.

Tafiyar ta ɗauke ni kwana biyu da rabi, jirgi uku da jiran tsakani. Ina filin jirgin Abuja ina jiran na Sakkwato saƙon yayana ya shigo: Inna ta cika tun daren Juma'a, an kai ta da safe. Sun ɓoye mini don ina hanya. Watau ko da na sa hannu ranar Talatar ma da wuya in tarar da ita tana gane mutane.

Na isa Ƙofar Taramniya na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce, “Dakta, ya haƙuri?” Ina amsawa. A cikin masu zaman makokin akwai wani dattijo mai furfura da ban sani ba, yana zaune a gefen tabarma tun safe, yayana ya ce kullum sai ya zo. Shi ne Malam Yohanna. Ya raka gawar har bakin maƙabarta ya tsaya daga waje. Bayan an yi addu'ar uku na bi shi gidansa a Gidan Igwai don in yi godiya, kuma a falonsa na fara faɗa wa wani mahaluki abin da na yi. Bai ce ba komai ba, bai kuma zage ni ba. Ya ce, “Ɗana, abin da hannu ya rubuta, hannu ka iya rubuta cewa ƙarya ne. Ko za su ji, wannan ba naka ba ne.”

Na rubuta. Na aika wa hukumar muhallin can wasiƙa cewa na janye sa hannuna, na kwatanta inda faifan simintin yake. Na aika wa Farfesa kwafi. Hukumar ba ta amsa ba. Farfesa ya amsa da layi ɗaya, cewa an soke rajistata saboda na bar karatu ba izini. Bayan wasu watanni na ga aikin gawayin ɓuntu ya fito a wata mujallar kimiyya da sunansa da na wani ɗalibinsa. A wurin aikina aka kafa kwamiti, aka tambaye ni ina takardar shaida, na ce babu. Aka mayar da ni kan kwalabena, a matakin da na bari. Ɗalibai na ce mini Dakta a gabana, in na juya baya su yi dariya. Luba ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai takan tashi ta bar ɗakin idan na fara maganar Indiya.

Na roƙi Rifkatu, in ta samu sarari, ta je ƙauyen ta duba Munna, ta kai shi asibitinsu a gwada ƙodarsa. Jarrabawa ta riƙe ta, sai bayan damina ta samu zuwa. Ta kira ni wata ranar Asabar da rana, ina tsaye a bakin titi a Unguwar Rogo ina jiran mai keke, da ledar cefane a hannu. Ta ce tana ƙauyen yanzu haka. Munna ya mutu wata biyu da suka wuce, an ƙone gawarsa a bakin kogi yadda suke yi. Famfon yana nan yadda na bar shi. Ta ce matar Munna tana tsaye kusa da ita, kuma akwai tambayar da take ta maimaitawa. Kafin ya mutu Munna ya gaya wa mutanen ƙauyen cewa baƙin dakta ya tafi ƙasarsu ne ya binne uwarsa, in ya gama zai dawo da maganin ruwa. Matar tana so ta san yaushe.

“Yaya Ummaru, mi za ni ce mata?”

Mai keke ya tsaya a gabana yana tambaya ina zuwa, na yi masa alama ya wuce. Ina jin muryar matar can nesa cikin wayar, da ƙarar famfon ana tuƙawa.

Na ce, “Ki gaya mata ba ni zuwa. Ki gaya mata an kawo takarda ta ce ruwansu lahiya lau yake, kuma ni na sa hannu.”

Na ji Rifkatu ta juya ta fara magana da yarensu, a hankali, kalma bayan kalma. Ban kashe wayar ba, na tsaya a cikin rana har ta gama.